Rigar Na'iya

A bakin Ƙofar Guga akwai wata rumfar kwano,
ƙasanta ya yi fari, ko ciyawa ba ta tsirowa.
Nan Na'iya ke zama tsakanin baƙaƙen akwatuna,
rigarsa huda-huda kamar rariya.
Ba aikin ɓera ba ne, ba na gara ba:
asid ne ya ci rabonsa, ɗigo-ɗigo, shekara talatin.

Ranar da na je, ina sabon direba,
makulli na kaɗawa a ɗan yatsana,
na nuna batirin da ya fi ƙyalli.
Bai ko dubi inda na nuna ba.
Ya ce, "Ɗaga shi."
Na ɗaga, sakayau, kamar tulun da aka sha rabi.
"Ɗaga wancan."
Sai da ƙuguna ya amsa.
"To, dalma ka zo saye, Lawandi, ba fenti ba.
Duba ranar haihuwarsa a gefen murfi;
wanda ya shekara a kan kanta
ya tsufa tun bai ga titi ba.
Kuma gingimarinka biyu take ci,
a jere, kamar shanun huɗa.
Saye su tare, sa'annin juna."

Na shafa aljihu. Na sayi guda.
Na haɗa shi da tsohon da na tarar a motar,
na ce ai in ɗaya ya gaji, ɗaya ya ja.
Na'iya ya ci gaba da goge wani da tsumma.

Wata uku.
Da asuba, gab da Mashi,
da kwando ɗari da ashirin na tumatirin Ajiwa,
na tsaya salla, na bar fitila da rediyo kunne.
Na dawo, na murɗa makulli:
ƙat.
Na sake. Ƙat. Ko tari ba ta yi ba.
Wa zai tura giwa da kaya a gadon bayanta?
Rana ta fito, ta hau, ta tsaya tsaka,
jan ruwa ya fara ɗiga ta ƙasan bodi,
ƙudaje suka zo mini gaisuwa.
Ashe tsohon yana ta tsotsar sabon a ɓoye,
da zai mutu ya tafi da shi.

Na koma rumfa da gawa biyu a bayan a-kori-kura.
Bai ce "na gaya maka" ba. Da ya faɗa da na fi jin sauƙi.
Ya kwance murafu shida, ya leƙa ɗaki-ɗaki:
"Biyu sun bushe. Yaushe rabonka da shayar da shi?
Ba ruwan rijiya ba, ba na leda ba,
tataccen ruwa, ya rufe kan faranti, shi ke nan.
Kada ka ƙara masa asid, ba yaji yake nema ba.
Wannan koren garin da ya taru a kansa,
wanke da ruwan zafi da kanwa, shafa giris.
Ɗaure shi tam a mazauninsa;
ramin hanya ya fi tsufa kashe batir,
zafin bazara kuma ya fi ramin.
A duba maka dinamo: mai ciyarwa in ya gaza,
laifin a kan mai yunwa ake ɗorawa."

Shekara uku da rabi biyun da na saya suka yi,
rana ɗaya suka shiga, sati ɗaya suka gaza.

Yanzu idon Na'iya ya tafi.
Jikansa Mati ke karanta masa lambobi,
amma shi ke ɗagawa, ya jinjina, ya ce wannan, ba wancan ba.

Jiya Talle ta ɗauko rigata daga igiya,
ta ga huda uku a gaba, kusa da aljihu.
Ta nemo allura.
Na ce mata ta bari.