Ɗakin da Aka Saki

Na'urar asibitin Ɗan Gulbi tana suma duk kwana tara.
Ba tari, ba zazzaɓi,
sai dai fuskarta ta daskare da tsakar rana
da sunan wata mai ciki rabi a rubuce.
Nomau ya ce zafi ne, ya sayo mata fanka.
Ta sha iska, ta cika kwana tara, ta suma.

Na ɗauko ta a kabu-kabu, rungume kamar jinjiri,
na aje ta bisa tabarma a ɗakina na Zariya.
Kuran ya ɗauke bayan lisha, na jona batir,
na gangara can ƙasa, cikin ƙwayar tsarin,
inda babu hoto, babu launi,
sai mai rabon ɗakuna zaune da littafinsa:
wannan na ba ka, wannan ka maido,
wannan ba kowa ciki, mai so ya zo.

Dare huɗu ina bin sawu.
Shayi ya huce, na sake ɗorawa.
Na zargi wanda bai ci ba, na wanke shi, na sake zarginsa.
Daga baya na yi dabarar kakata da ɓeran rumbu:
duk ɗakin da aka saki, na barbaɗa masa toka,
in ga ƙafar da za ta taka.

Dare na biyar, gab da assalatu, sawu ya fito.
Ashe ba ɓarawo ba ne.
Wani ɗan aike ne mai biyayya,
wanda agogo ke tayarwa in layi ya katse,
yana riƙe da adireshin da aka ba shi tun farko.
Mai ɗakin ya tashi, an share, an ba wani,
shi kuwa ba wanda ya gaya masa.
Sai ya tura ƙofa yadda ya saba,
ya aje saƙonsa a kan gadon baƙo.
Bayit takwas kacal.
Bayit takwas, gida ya rushe.

Na janye hannu daga madannai.
Ladan ya fara, zakaran maƙwabta ya karɓa.

Don ni ma, Juma'ar da ta wuce,
bayan an sauko, yatsana ya tafi inda ya saba.
Wata goma sha ɗaya da muka kai Baba makwancinsa,
lambarsa na nan tsakanin Ayuba da Balkisa.
Na zaci shiru zan ji. Sai ta shiga.
"Alo? Tsahara ce, mai ƙuli a Tibiri. Wa ake nema?"
Kamfani ya karɓe ɗakin, ya share, ya ba wata.
Na tsaya da gaisuwata a baki,
ban san inda zan aje ta ba.

Gyaran bai wuce layi uku ba.
Kafin ka saki ɗaki, ka tsai da ɗan aike,
in ya riga ya fita ka jira ya komo,
ka karɓe takardar hannunsa, ka rubuta sifili.
Dare biyar, sukari tiya guda, domin layi uku.

Na sake gina ta, na tashe ta,
na riƙa tsinke layin da gangan, sau dubu, sau dubu biyu.
Toka na kwance, ba ƙafa ko ɗaya.

Yau kwana goma sha shida tana aiki.
Ungozoma na rubuta sunaye har ƙarshensu.
Nomau na gaya wa kowa fankarsa ce,
ban yi musu ba.

Lambar kuwa, jiya na buɗe ta,
yatsa bisa wurin gogewa, har shayi ya sake hucewa.
Ban goge ba.
Na dai sauya sunan: Tsahara ƙuli.
Ta ce ran Laraba take suya,
in zan zo, in zo da kwanona.