Kaka a Ɗakin Karatun Mai Wurno

Damina ta tafi, ta bar mana tabo a bango
da littattafai bakwai da suka kumbura kamar gurasa.
Haja Sakina ta shanya su a gadon igiya,
tana juya shafi kamar mai juya kifi a rana.

Nilu ya janye ƙafarsa daga gonaki.
A allon ƙofa ta rubuta da alli:
Asabar da hantsi, tatsuniyar yara.
Wani ɗan ƙeta ya goge wutsiyar "yara",
duk da haka sun zo, su goma sha tara,
har da akuyar Nuraini, wadda ba a gayyata ba.

Aljihun tebur ya zama rumbu.
Ka kawo irin kuɓewa, ka ɗauki na yakuwa,
ka bar sunanka a takarda, shi ke nan.

Ni ajin dare nake jira.
Bayan isha'i, fitila ɗaya, ƙwari dubu,
Baba Tanimu ya shigo da ƙaiƙayi a gemu,
ya riƙe fensir kamar lauje.
Shekara sittin yana noman riɗi,
dillalin Sinnar ne ke karanta masa sikeli.
Bana, in ji shi, da idona zan gani.

Jiya ya dawo da littafin lissafi.
Na buɗe shafi na arba'in,
ƙwayar riɗi uku suka gangaro tafin hannuna.
Ban karkaɗe ba.
Na mayar da su inda ya tsaya.