Maƙwabciyata a Korzok

A Korzok, inda numfashi ke da tsada,
mutum ya yi taku goma ya tsaya ya dafe ƙirji,
bishiya ba ta tsiro, sai gajeruwar ƙaya
mai rarrafe kamar tana jin kunyar sama.
Nan take zaune.
Ba ta kai dunƙulen hannun jikata ba.

Kanta toka ne, na murhun da ya kwana.
Bayanta ƙasa-ƙasa da zane baƙi-baƙi,
in ta lafe a gefen shinge ka rantse tsakuwa ce.
Amma ƙirjin nan!
Garwashi guda da tokar ta manta ba ta binne ba.

Da asuba, kafin Palzes ta kaɗa shayin gishiri,
tana kan tarin kashin yak da muka shanya,
tana tsalle, tana tsince, wutsiya na rawa,
ba ta neman izini, ba ta gudun kare.
Muryarta siririya ce kamar zaren da ya kusa tsinkewa,
tsi-tsi-tsi, sai ta yi shiru,
ta bar iska ta ƙarasa.

Bara, ina bin akuyar da ta ɓace ta wajen tafki,
saura ƙiris in taka gidanta.
Ƙarƙashin ƙaya, ƙwai uku,
shuɗi irin na ruwan Tso Moriri da hantsi.
Na duƙa. Abin da ta shimfiɗa musu
gashin awakina ne,
mai laushin nan da ɗan kasuwar Leh ke ɗorawa a sikeli
yana ƙanƙance ido, yana rage mini kuɗi.
Ita ta kwasa kyauta.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Da kaka, agwagin tafki kan yi layi su tsallake duwatsu,
masu dogon wuya ma su bi bayansu.
Tafkin ya daskare, tutocin addu'a su koɗe.
Ita ba ta zuwa ko'ina.
Iyakarta ta matso bakin tanti,
ta kumbura gashi ta zama ƙwallo,
ta tsinci ɓarɓashin sha'ir da Palzes ke zubarwa
tana cewa wai hannunta ne ya kuɓuce.

Jiya Stobdan ya aiko saƙo da direban babbar mota:
"Baba, ka sauko. Akwai ɗaki, akwai lantarki,
gwiwarka ba ta bana ba ce."
Gaskiya ya faɗa.
Na juya takardar, na rasa me zan rubuta.

Na ɗaga labulen tanti.
Dusar ƙanƙara ta shafe hanyar awaki,
ta shafe sawun motar.
A bakin ƙofa kuwa ga wani sawu,
yatsu uku gaba, ɗaya baya,
ya nufi inda muke zubar da toka.

Na ce wa direban ya dawo bayan haihuwar awaki.