Rabin Aski

Ranar Talata, Tudun Nufawa,
na shiga shagon Haladu da hantsi.
Ya ɗaura min ƙyalle, ya tayar da inji,
ya share gefen dama tas,
sai wuta ta kama gabanta ba sallamawa.

Janareta na lungu, maƙoshinsa a bushe.
Yaro ya fita da galan tun ɗazu.
Ga ni a kujera, rabi fili rabi kurmi,
ba damar fita, zufa sai tsattsafowa.

Rediyo mai batir ce ta tsokano zancen,
wai ana tara sa hannu a majalisa.
Tanimu, ɗan aji uku a sashen shari'a,
ya doki cinya ya miƙe:
"A tsige shi! Kundi ya ba da hanya.
Ɗaya cikin uku su kawo takarda,
mutum bakwai su zauna su tona,
biyu cikin uku su ɗaga hannu.
Kujerar nan ba gonar gado ba ce,
aro ce, mai aro kuwa ya san da mayarwa."

Baba Kefas, wanda ya ba masaƙar Kakuri
shekara ashirin da shida da kunnen hagu,
aka rufe ƙofa da haƙƙinsa a ciki,
ya naɗe jaridar jiya ya kori ƙuda:
"Yaro, ka iya lissafi.
Amma masu ɗaga hannun nan,
ka duba ɗaya hannun yana aljihun wa?
Kura za ta yi wa kura alƙalanci
kan naman da suka raba da daddare?
Na ga masu zuwa da kiɗan soja da asuba,
na ga masu zuwa da babbar riga,
har yau ƙofar masaƙa ba ta motsa ba.
Katina na ƙarƙashin katifa.
Ranar zaɓe ni zan yi tawa tsigewa."

"Ranar zaɓe!" in ji Tanimu.
"Mai ciwon haƙori ake ce wa ya jira kaka?
In doka ta kwana a aljihun tebur
gara ce ke fara karantawa."

Asabe mai awara ta leƙo da tire:
"Ku ba ni amsa ɗaya in wuce.
In an tsige shi, waken suya zai sauko?
In zai sauko, a miƙo biro.
In ba haka ba, Haladu,
ɗari ukuna na jiya nake tunawa."

Haladu ya busa haƙoran inji.
"Ni dai gashi na sani.
Wani kan ce, cire min furfurar nan.
In cire, sati biyu ya dawo
da biyar a gurbin ɗaya.
Amma na ga gashin da ya lanƙwashe
ya koma cikin fata,
in ka ji tausayi ka bar shi,
sai ya tara ruwa, wuya ya kumbura."
Muka ce, to, shi wannan wanne ne?
Ya ce, "Ban taɓa riƙe kansa ba.
Daga nesa duk ƙeya kyau take yi wa mai dubawa."

Ƙwan fitila ya yi ja, muka yi shewa,
kafin ya kai hannu ta sake ɗaukewa.

Da aka kira Azahar na ari hular Tanimu,
na danna ta har kunne.
Na miƙa rabin kuɗi, Haladu ya ture hannuna:
"Aikin da ba a gama ba, ba a biya."

"Kun ji ko!" in ji Tanimu.
"Kun dai ji," in ji Baba Kefas.
Kowa ya ɗauka da shi aka yarda.
Na fita da rabin kai a ɓoye,
ina roƙon kada iska ta yi min tata tsigewa.