Ashirin da Tara

Motar ta tsaya a filin makarantar Kaltungo da la'asar,
an ɗaure gicciye a bayanta da igiyar guga,
lasifika biyu, ganguna, jita uku cikin buhunan masara.
Tun daga gona na jiyo ana gwada sauti,
na jingine fartanya.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan.
Ni ne Yahuda a wancan zamani,
da suma kamar kwando, da wando mai share ƙasa,
da muryar da ke kaɗa kwanon rufin coci.
Dattawan ikilisiya suka ce jita kayan mashaya ce,
ba a kai ta gaban bagade.
Fasto Lamela ya zauna ya ji har ƙarshe,
ya goge ido da hannun riga,
ya ce, "Ku je, amma a rage ganga."
Ba mu rage ba.

Mun yi Billiri, mun yi Bambam,
mun hau Tula da turi,
mota na tari, Bitrus na ƙarƙashinta da sifana,
Mela, Yesunmu, ya sa kafaɗa yana nishi,
rawanin ƙaya na lilo a wuyan jita.
A Cham wuta ta ɗauke ana tsakar jibin ƙarshe.
Malam Buba mai walda ya jawo janaretansa,
ya koma can nesa, hannu a baya,
bai tafi ba sai da aka tashi.

Wata guda cur mai ƙosan tasha ta ƙi sayar mini.
"Kai ka sayar da shi," in ji ta,
"je ka ci azurfarka."
Azurfar kuwa marafan kwalba ne
da na daddake da guduma, na goge da toka.

Mela ya rasu bara waccan, ciwon suga.
Bitrus na wajen ɗansa, ba ya gane kowa.
Yau Rifkatu, autar Mela, ke riƙe da babbar jita,
tana cije leɓe in za ta sauya yatsa,
yadda uban ke yi.

Sabon Yahuda ya zo ya durƙusa,
Yila, ɗan makarantar kiwon lafiya, ko gemu bai tara ba.
"Baba, wajen sumbar nan nake kasawa."
Na ce, kada ka ɗaure fuska irin ta mugu.
Ka tuna shekara uku kuna sa hannu a akushi ɗaya,
ka san yadda yake tari da asuba.
Ka matso da wannan.

Na shiga ɗaki na ɗauko gwangwanin madara.
Ya zazzage a tabarma, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa.
Ashirin da tara.
Ɗaya yana Cham, cikin duhun daren nan.
Rifkatu ta ɓalle kwalbar lemo da haƙori,
ta miƙa masa marfin da danshinsa.
Shi kaɗai ke ƙyalli cikin masu tsatsa.

Da dare na sami benci a baya.
Sun ƙara wa kiɗan gudu, sun yanke baiti biyu,
amma bakina yana biye da su, bai nemi izinina ba.
Da yaron ya watsar da kuɗin kan siminti
na gane ƙararsu, kowane ɗaya.

Wata tsohuwa a gefena ta ja tsaki mai tsawo.
"Allah wadai," in ji ta.
Na juya, ta juyo.
Haƙoran sun tafi, hararar tana nan.
"Au, kana raye?"
Ta kwance bakin zane, ta zuba mini gyaɗa a tafi.

Da safe suka nufi Talasse.
Na bi su har bakin titi ina cewa
a tsince su duka bayan wasa,
a duba ƙarƙashin lasifika.