Dutsen Kunne

A Yelwa, bakin gulbi, da hantsi,
kakana Nomau ya kamfato ɗan karfasa a tafin hannu,
bai kai gaɓar yatsa biyu ba.
Ya dubi ido, ya dubi wutsiya,
ya ce, "Ɗan farin ruwa ne.
An haife shi sa'ad da burugu ya nutse.
Kasuwa shida ke nan, da 'yar ɗoriya."

Ni kuwa makaranta ta aiko ni da kwalba da allura.
Na ce, "Kaka, ba a ƙirga kwanan kifi da kasuwa."
Ya ce, "To, Hajo, je ki ƙirgo da naki."

Da dare, janareto na tari bayan taga,
na tsaga ɗan kan nan,
na zaro dutsen kunne da bakin allura,
fari tas, ƙwayar gero ta yi masa yaya.
Sau biyu yana ɓace mini a kan tebur.
Na goga shi a gilashi har ya yi shara-shara,
na riƙe numfashi, na kafa ido a madubi.

Ashe kifi ma yana rubutu.
Kowace rana zobe guda,
kamar albasar da aka yanka a kwance.

Ga na tsakiya, sirara,
kwanakin da ya yi a bakin uwarsa,
ita tana azumi, shi yana leƙen duniya.
Ga inda suka buɗe, suka yi faɗi:
ƙoshi ne, cikin ciyawa, ruwa da ɗumi.
Sai guda biyar suka matse, layi kan layi.
Na tuna makon da sama ta ƙi ɗaukewa,
har katangar gidanmu ta zauna.
Shi ma ya rubuta, da yunwarsa.

Na ƙirga, ido ya yi ruwa, na ɓata.
Na koma tsakiya.
Arba'in da huɗu.
Na sāke don in ƙaryata tsoho.
Arba'in da huɗu.

Da safe na tarar da shi yana ɗinkin koma,
zare a baki.
Na ce, "Kaka, kasuwa shida da kwana biyu."
Bai ɗago ba.
Ya ƙulla, ya ciza, ya tofar,
ya ce, "Madalla.
Kin mai da shi ruwa?"

Kwalbar tana cikin jakata.
Na ji ta yi nauyi.