Awon Keji

A Magazin, inda Kumasi ke ƙera abin da ta rasa,
na shekara ashirin ina ɗinke ƙarfe da wuta.
Na yi ƙyauren gida, na yi gadon asibiti,
na toshe cikin motocin da hanyar Tamale ta cinye.

Ran Talata Bonsu ya zo da takarda a ninke:
keji goma sha biyu, shida a kan shida,
tsawo kamu biyu, faɗi kamu ɗaya.
Na ce, na talotalo ne?
Ya yi dariya har ya dafa injina.
Ya ce, na masu gudu ne, Malam Sallau,
masu kawo sidi ran Lahadi.

Na karɓi kafin alƙalami.
Kuɗin makarantar Hassatu ba ya jiran tambaya.

Sai bayan sati uku na ga masu ɗakin,
da na je Kwadaso karɓar cikon kuɗina.
Bayan gida, ƙarƙashin kwano mai tafasa,
ga aikina a jere, ba inda ya karkace.
Na sama suna yi wa na ƙasa ruwan da ba na sama ba.
Gwangwanin tumatir ne randarsu,
shi ma rana ta riga su sha.
Ƙafafu dogaye, an naɗe su kamar laima.

Akwai wata ja mai lamba bakwai a cinya.
Da kai take shiga, da baya take fita,
kamar mota a lungun gareji.
Ban bar mata wurin juyawa ba.
A dandaɓen wayar da take takawa
akwai ƙaya guda ta walda da na yi kasalar gogewa.
Na san ta. La'asar ce, ina sauri.
Jinin tafinta ya bushe a kai.

Ni ba mai shafa kare ba ne.
Tun ina yaro a Aboabo
na san wankin kwanon da ya sa wa baki.
Ban taɓa ta ba. Ita ma ba ta roƙa ba.
Ta dai dube ni yadda ake duban mai awo
idan mudunsa ya lotsa.

Ran Lahadi na bi su fili.
An ɗaura fatar zomo a bayan babur,
maza na ihu da tikiti a hannu.
Da aka saki ta bakwai
sai na ga tsawon da Allah ya yi mata,
daga hanci har wutsiya, shimfiɗe a iska,
tsawon da babu shi a takardar Bonsu.
Kafin in gama gyara hula an gama.
Ta zo ta uku.
Minti ɗaya na ƙasa,
kwana shida na kamu biyu.

Litinin na koma da magogi da katako.
Na share ƙayar, na shimfiɗa falanki.
Keji na takwas ba kowa a ciki;
yaron gidan ya ce ƙafa ce ta karye,
ya kau da kai, ni ma ban ƙara ba.
Na yanke shingen da ke tsakaninsu.
Bonsu ya ce zai cire a cikona.
Na ce cire.

Ta tsaya a tsohon awonta,
gefenta manne da bangon da babu shi.
Har na naɗe waya, har na ɗaure kaya,
sannan ta sa ƙafa ɗaya,
ta shinshina, ta juya.
Ta sake juyawa. Sau uku. Ta kwanta.

Jiya wata takarda ta zo, a ninke.
Ashirin da huɗu wannan karon.
Tana aljihun rigar aikina,
tare da rasit ɗin makaranta.
Tun safe nake kunna wuta ina kashewa.